Abin da Baba Yake Shafewa

Wata Asabar ce cikin damina na shiga gidanmu na Tudun Wada a Zariya, na tarar da Baba zaune a kan buzu a ƙofar ɗakinsa, rakodarsa mai baki biyu a gabansa, kwalin kaset a gefen ƙafarsa. Karatun Alƙur'ani ne ke tashi a hankali. Har na ji daɗi, na ce yau jiki ya yi sauƙi tunda tsoho ya fito da kayan aikinsa. Sai da na durƙusa zan gaishe shi na ga jan maɓallin nan na ɗaukar magana a danne yake, kuma kaset biyu ne ke juyawa, ba ɗaya ba.

"Baba, me ake ɗauka?"

"Ba ɗauka nake yi ba, Uwata," ya ce. "Shafewa nake yi."

Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bakinsa kuwa bai taɓa iya furta shi ba. Na dubi kwalin da ke gefensa, na dubi wani ƙarami a bayansa wanda ya riga ya kusa rabi da waɗanda ya gama da su. Ban san lokacin da na zauna daɓas a ƙasa ba, ko gaisuwar ban ƙarasa ba.

Wanda bai san Baba ba zai ce to mene ne a ciki, tsoho ya ɗora karatu a kan waƙa, ai lada ya samu. Gyaran rediyo ne sana'arsa, a wani ɗan shago kusa da kasuwa, da ita ya riƙe mu. Amma abin da ya shiga ransa da gaske shi ne yawo da rakoda. Duk inda ya ji labarin kiɗa, sai ya ja ƙofar shago, ya rataya rakoda a kafaɗa, ya hau keke. Ya ɗauki masu kalangun mahauta, ya ɗauki masu garayar maharba, ya bi kiɗan noma har ƙauyukan da ke bayan Zariya. Akwai wasu makafi biyu masu bege a bakin tasha, akwai wani tsoho mai gurmi da ba shi da waƙa sai ta zagin marowata. Yana da na manyan mawaƙa da ake sayarwa a shago, amma waɗannan bai ɗauke su a bakin komai ba, cewa yake kowa yana da su. Abin alfaharinsa su ne waɗanda duk duniya babu mai su sai shi.

Ba ya rubutu a jikinsu. Da launi yake gane su, da tabo, da mazaunin kowane a cikin kwali. Da zarar ya dawo gida da sabuwar ɗauka, sai ya sa bakin wuƙa ya ɓalle 'yan haƙoran roba biyun nan da ke saman kaset, ya bar ramuka. Kaset mai rami ba ya karɓar ɗauka, ko da ƙafa ka danne jan maɓallin. Haka yake kare su daga ɓarnarmu, musamman Yayana, wanda ya taɓa ɗora waƙar Indiya a kan kiɗan 'yan dambe, ya sha dukan da har yau in an tuno zancen sai ya shafa bayansa. Ni aikina naɗe zaren kaset da biro in rakoda ta tauna shi, da riƙe masa kwalbar turare in zai goge kan rakodar da auduga. Har yau in na shaƙi irin turaren nan mai ƙarfi, kalangu nake ji a kunnena.

To mutumin da ya ɓalle haƙoran da hannunsa, shi ne yanzu yake naɗe 'yar takarda yana toshe ramukan.

Bara ne ya faɗi a tsakar gida, hawan jini, ya yi kwanaki a asibiti. Ya tashi, amma ido ya dushe, hannu kuma yana rawa. Tun daga nan ya shiga tunanin kabari. Ba wani malami ne ya zo ya tsorata shi ba, kada in ɗora wa kowa laifi. Shi ya zauna ya ƙulla abinsa. In mutum ya haƙa rijiya ya mutu, duk wanda ya sha, lada na bin sa. To in kiɗa ya bari fa, duk wanda ya kunna, me zai bi shi? Na ce masa malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, ni ma ina zuwa Islamiyya, ba yau na fara jin maganar ba. Ya ce shi ba zai kwanta a rami shi kaɗai da saɓanin malamai ba. Na ce to ya ba ni su in tafi da su, nauyin ya dawo kaina. Ya ce wanda ya ɗauka shi ne mai nauyin. Raina ya ɓaci, na ce to ya ƙone su gaba ɗaya mu huta, ya fi wannan yankan ɗai-ɗai. Ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Ƙonawa? Zare mai kyau irin wannan, wanda yanzu ba a yin sa? Ai almubazzaranci ne. Gara ya ƙarasa kwanansa yana karatu."

Baba ke nan. Ko tuba zai yi, sai ya yi ta yadda ba za a yi asarar kaya ba.

Gaskiyar magana ita ce ba don mai gurmi hankalina ya tashi ba, duk da ina jin takaicinsa. A cikin kwalayen nan akwai kaset ɗaya da muryar Inna take ciki. Inna ta rasu ina kwalejin horon malamai. Ina da hotonta, ina da tasoshinta, ina tuna yadda ɗaurin ɗankwalinta ke karkacewa gefen hagu. Amma muryarta ta ɓace mini, ban kuma san ranar da ta tafi ba. Na dai wayi gari wata rana ina tuna faɗan da take yi mini a kan ajiye murfin tukunya a ƙasa, kalmomin duk suna nan, sai dai da muryata nake jin su. Kukan da na yi ranar ya fi na ranar da aka fita da ita.

Gwaggona, ƙanwar Baba, ita ta taɓa ba ni labarin kaset ɗin tana dariya. Wai wata rana da hantsi, tun ban yi wayo ba, matan maƙwabta suka taru a tsakar gidanmu suna buga shantu, Inna na ba da waƙa suna amsawa. Baba ya yi kamar ya fita, ashe ya bar rakoda a kunne a bayan randa. Iyakar abin da Gwaggo ta sani ke nan, ita ma yanzu ta bi Inna. Ban taɓa tambayar Baba ba. Ta yaya 'ya mace za ta dubi mahaifinta ta ce ina kaset ɗin da uwata ke waƙa? Na bar wa zuciyata cewa kwalayen suna nan, ba inda za su, wata rana za su zo hannunmu. In za a kira abin da sunansa, mutuwarsa nake jira. Ban taɓa kawowa a raina zai riga ni kaiwa gare su ba.

Ranar ban koma gidana na Gyallesu kai tsaye ba, Tudun Jukun na wuce wajen Yaya. Na same shi yana wanke mota a ƙofar gida. Ya saurare ni da soso a hannu, sannan ya ce, "Ke dai ba kya rabuwa da ɗaukar zafi. Robobi ne fa. Na taɓa kiran 'yan gwangwan su kwashe, suka ce ko kyauta ba sa so, babu ƙarfe a ciki. Wace waƙa ce babu a waya yanzu?" Na ce ya nemo mini mai gurmin nan a waya in gani. Ya ce wane mai gurmi. Ban gaya masa zancen Inna ba. Na san Yaya, cewa zai yi Allah ya jiƙanta, addu'a take buƙata ba waƙa ba. Kuma ba ƙarya zai yi ba, abin da zai fi ba ni haushi ke nan. Shi damuwarsa ɗaya, ɗakin ya sarara a sa wa Baba gado mai kyau.

Sai na tuna da wata ƙawata tun ta kwaleji, Kirista, 'yar Wusasa, wadda yanzu take aiki a jami'a tana zaune wajen unguwar Kongo. Adana tsofaffin abubuwa irin waɗannan ne aikinta. Da na ba ta labari a waya, salati kawai ne ba ta yi ba. Asabar ta gaba sai ga ta da lemo da goro, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi. Ashe Baba ya san mahaifinta, shi ke gyara masa garmaho a da. Suka daɗe suna hirar faifai da allurarsa, har na ga fuskar tsoho ta saki. Sannan ta kawo maganar cikin ladabi. Ta ce ba saye za a yi ba, ba kuma za a raba shi da ko ɗaya ba. Za a zo da na'ura har gida, a zuba a kwamfuta, a mayar masa da kayansa. Ta ce abin da ke cikin kwalayen nan babu shi a ko'ina, wata rana jikokin makaɗan nan za su zo nema.

Baba ya saurare ta har ta kai aya.

"'Yata, in kin zuba a kwamfutar, shekara nawa yake yi kafin ya lalace?"

"Ba ya lalacewa, Baba. Ai amfanin ke nan. Ko bayan ba mu, wani a wata ƙasa zai iya ji."

"Ko bayan ba mu," ya maimaita, yana gyaɗa kai. "To abin da nake gudu ke nan. Shi kaset ko ba komai yana tsufa ya mutu kamar mai shi. Ke kuma so kike ki ba shi ran da ba ya ƙarewa."

Ba ta yi masa musu ba. Da na raka ta bakin titi ta riƙe hannuna, ta ce ita ba ta ga laifinsa ba, da ita ce ta yarda da abin da ya yarda da shi, abin da za ta yi ke nan. Ji na yi kamar in shaƙe su su biyun. Na kawo ta don ta ceci kayan nan, ga shi ta ƙara masa himma.

Da na ga babu mai taimakona, sai na canza dabara. Na lura toshe ramukan yana ba shi wuya, takardar na faɗuwa daga yatsunsa yana lalube a kan buzu. Na ce masa ya bar wahalar da kansa, ya riƙa jirana ranar Asabar da Lahadi da ba ni da makaranta, in zo in riƙa toshe masa. Ya yi murna, har ya sa mini albarka. Albarkar nan ta yi mini nauyi, don ba taimakonsa na zo yi ba. Abin da na dogara da shi ɗaya ne. Tunda ba ya gani sosai, kafin ya shafe kowane kaset sai ya kunna shi kaɗan, don ya tabbatar ba wanda ya riga ya ɗora wa karatu ba ne. A cikin wannan ɗan kunnawar nake fatan in tsinci Inna.

Haka muka shiga aikin. Bayan azahar zan shimfiɗa tabarma kusa da buzunsa, in an kawo wuta mu yi da wuta, in babu mu sa batir. Zai laluba ya zaro ɗaya, ya sa, ya danna. Kafin kiɗa ya gama tashi ya gane shi.

"Wannan a Gyallesu ne, sunan ɗan wani mahauci. Ji mai kalangun nan, ɗan yatsansa ɗaya babu, amma ji hannu. Ruwa ya kore mu ranar, a zauren mutane muka ƙarasa."

Sai ya yi murmushi, wani lokaci har kafaɗarsa na motsi. Sannan ya ce Allah ya jiƙansa, ya fiddo kaset ɗin ya miƙo mini. Ni kuma in naɗe takarda, in toshe rami ɗaya, in toshe ɗayan, in miƙa masa. Ya mayar, ya danne jan maɓalli. Daga nan mai kalangu mai yatsa tara ya bar duniya karo na biyu, da hannuna a ciki.

Ban taɓa yin aikin da ya dame ni kamar wannan ba. In na koma gida sai in rasa me ke mini daɗi, yara su tambaye ni abu in hau su da faɗa, maigidana ya ce in dai zuwa Tudun Wada ne ke mayar da ni haka, gara in riƙa hutawa. Ina ta juya maganar darajar kayan nan a raina. Wajen 'yan gwangwan shara ne. Wajen ƙawata dukiya ce da babu irinta. Wajen Baba kaya ne da yake so ya sauke kafin a kira shi. Amma a zaman da muke yi na ga wani abin da duk cikinsu ba wanda ya faɗa. In ba Baba a kusa, ni kiɗa kawai nake ji da hayaniyar mutane da kukan akuya. Shi ne ya san gidan, ya san mai yatsa tara, ya san ruwan da aka yi. Rabin kowane kaset a kansa yake, shi kuwa wannan rabin ba na'urar da za ta kwafe shi.

Wasu ma mun tarar sun riga sun mutu da kansu. Danshi ya shiga, zare ya manne, murya na ja kamar mai magana cikin barci. In ya ji irin wannan sai ya yi dariya ya ce, "Wannan an riga ni." Ni kuwa sai in ce a raina kada dai na Inna ne ya zama haka.

Na mata suna da yawa, don ya sha aika rakodar cikin gidajen biki a ɗauko masa kiɗan ƙwarya. Duk lokacin da muryar mace ta tashi sai gabana ya faɗi, in kasa kunne, sai in ji ya ce wannan zabiyar wuri kaza ce. Tun gabana na faɗuwa har ya gaji. Damina ta wuce, aka yi girbi, kwalayen da ke bayansa suka fi na gefensa yawa. Na fara gaya wa kaina wataƙila ya shafe shi tun ranar farko, kafin in shigo.

Wata Lahadi ya sa wani kaset mai ruwan toka, gefensa ɗaya ya ɗan narke kamar ya taɓa kusantar fitila. Shuu ta fara tashi, sai ƙarar shantu, sai dariyar mata. Wata yarinya mai siririyar murya ta ɗauki waƙa, tana yi tana ƙunshe dariya, sauran na amsawa. Na saurara kaɗan, na ce a raina wannan ma wata amaryar ce ta wani gida. Na yagi takarda na fara naɗewa, na miƙa ɗaya hannun zan kashe rakodar don mu yi sauri, la'asar ta kusa.

Baba ya riƙe mini hannu. Hannun nan mai rawa, amma riƙon da ya yi mini sai da na ji zafi.

"Ba ki gane ta ba?"

Na dube shi. Idonsa ba a kaina yake ba.

"Innarku ce."

Na yi wata da watanni ina jiran muryar nan, na toshe ramukan da ban san iyakarsu ba saboda ita, ga ta ta zo har gabana ina shirin kashe ta da hannuna. Na ƙara kasa kunne, ina roƙon Allah wani abu ya motsa a cikina in ce ƙwarai ita ce. Babu abin da ya motsa. Innar da na sani babbar mace ce mai faɗa a kan murfin tukunya. Wannan kuwa yarinya ce, ba ta kai shekarun 'yata ta fari ba. Waƙar ma tsokana ce, tana yi wa wani mutum da ya fi kula da akwatinsa mai magana a kan mutanen gidansa, wai in akwatin ya yi tari a goge masa baki da turare, in ita ta yi sai a ce Allah ya sawwaƙe. Matan suka fashe da dariya, har shantu ya tsaya. Can ƙasa-ƙasa ana jin kukan jaririya, yarinyar ta ce a miƙo mata ita.

Wayata na cikin jaka a gefena. Hannuna ya kai kanta, ya dawo.

Ba mu kashe ba har zaren ya ƙare, maɓalli ya tashi da kansa. Baba ya fiddo kaset ɗin ya riƙe. Da ya buɗe baki, ba da muryar da yake ba ni labarin makaɗa ya yi magana ba.

"Ta gano na ɗauka. Ba ta yi kwana biyu ba ta gano. Ta ce, Malam, muryata ce, ba taka ba, ka shafe. Ita matar aure ce, ba ta son wata rana a kunna a zaure maza su ji, ko 'ya'yanta su girma su ji tana yi wa ubansu waƙa. Na ce zan shafe. Sai na cusa shi cikin sauran don kada ta gane shi. Duk azumi sai ta tuna mini, in ce zan shafe. Har a gadon asibiti, Uwata, ana gobe za ta rasu, ta ce ka shafe abin nan? Na ce in na koma gida."

Ya shafa gefen kaset ɗin da ya narke.

"Da wannan tabon nake gane shi. Da ido ya tafi na neme shi na rasa, hannun ma ba ya jin abu sosai. Sai na ce in na bi su duka, dole in bi ta kansa."

"Wato Baba duk waɗannan da muka shafe..."

"Su ma ina tsoronsu, ban yi miki ƙarya ba. Amma wannan alkawari ne."

Ban san wanne ya fi ci mini rai ba a lokacin. Ga makaɗan da suka tafi a kan hanyar neman kaset ɗaya. Ga ni da na zo satar abin da mai shi ta roƙa har bakin mutuwa a shafe. Duk tsawon watannin nan ina ganin da Baba nake ja, ashe da Inna nake ja.

Ya miƙo mini shi kamar yadda ya saba miƙo sauran. Na toshe rami ɗaya. Na biyun takardar ta ƙi shiga, ko kuma yatsuna ne suka ƙi, sai da na yi ta fama. Ya karɓa ya sa a rakoda, ya gyara kaset ɗin karatu a ɗaya bakin, ya ɗora yatsa a kan jan maɓallin. Aka kira la'asar a masallacin unguwa, aka gama, yatsan na nan. Na ga hawaye na bin gemunsa, abin da ban gani ba ko ranar rasuwarta. Daga ƙarshe ya fiddo kaset ɗin, ya laluba tafin hannuna ya sa shi a ciki, ya naɗe yatsuna a kai.

"Na kasa tana da rai, na kasa ba ta. Ke ce uwata, ki tafi da shi ki sauke mini. Ga ƙaramar rakodar can a kan taga, ki haɗa da ita."

Tun daga ranar bai ƙara taɓa sauran ba. Ya sa aka tura kwalayen ƙarƙashin gado, waɗanda suka tsira da waɗanda ba su tsira ba, bai sake zancensu ba. Da na gaya wa ƙawata ta yi ajiyar zuciya, ta ce ko ba komai an samu saura. Ban iya taya ta murna ba.

Kaset ɗin yana cikin durowata, a ƙarƙashin zannuwa. Ba zan ɓoye ba, na kunna shi, ba sau ɗaya ba. In yara sun tafi Islamiyya sai in rufe ƙofa, in rage murya kamar mai sata. Har yanzu ban gane ta ba, koyonta nake yi kamar yadda ake sabawa da muryar baƙuwa. Wani lokaci a ƙarshen dariyarta nakan ji wani ɗan abu da ke kama da na sani, in mayar da zaren baya, sai ya ɓace. Kuma duk kunnawa ina sane da cewa ta ce ba ta son 'ya'yanta su ji.

Ƙawata ta ba ni shawara, ta ce in ɗauka a waya sannan in shafe kaset ɗin, kowa ya samu abin da yake so. Na kwana biyu ina juya maganar, don ta yi mini daɗi. Amma na san Inna ba roba ta ce a shafe ba. In na yi haka, na ɗauke rakodar daga bayan randa ne kawai na mayar da ita cikin jakata. In kuma na danne jan maɓallin nan, shi ke nan, babu sauran inda muryar uwata take a bayan ƙasa. Malamarmu ta Islamiyya da na tambaya a kaikaice ta ce cika wasiyya ya fi, sannan ta dube ni ta ce amma Allah ya san zuciyar 'ya. Ban fito da amsa ba, da nauyi biyu na fito.

Duk zuwan da na yi Tudun Wada, in mun gama gaisawa, ya tambayi maigidana da yara, sai ya yi ƙasa da murya don kada matar Yaya da ke kawo masa abinci ta ji. Da farko nakan ce wuta ce babu, ko rakodar na cin zare. Ya san ƙarya nake yi, shi ya gyara rakodar da hannunsa.

Jikinsa ya ƙara yin ƙasa tun shigowar zafi. Asabar ɗin da ta wuce a kwance na same shi, ko tashi zaune bai iya ba. Na zauna a bakin gado ina yi masa fifita. Na ɗauka barci yake, sai na ji ya laluba ya kama bakin mayafina.

"Uwata, kin shafe?"

"Zan shafe, Baba."

Sai da maganar ta fita na ji ta. Shi ma ya ji ta, don ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. Ya saki mayafin, ya juya fuskarsa ga bango.

"Ki yi kafin in tafi," ya ce. "Abin da za ta fara tambayata ke nan."